Yadda Na Buɗe Ɗakin Koyar da Fiyano a Gidana a Jos

Na shafe shekara goma sha ɗaya ina kaɗa kibod a majami'armu da ke Tudun Wada a Jos kafin in taɓa tunanin koya wa wani kiɗa a biya ni. Kamar yawancin makaɗan majami'u a wannan yanki, da kunne na koya, sannan na ƙara da solfa, wato do-re-mi ɗin da ƙungiyoyin mawaƙa suke rubuta waƙoƙinsu da shi a kan allo. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu watanni da yawa, albashina na koyarwa ya ragu sosai, sai wasu iyaye biyu suka roƙe ni in riƙa koya wa 'ya'yansu kiɗa don kada yaran su yi ta zaman banza a gida. Daga nan ne na yanke shawarar mayar da ɗakin baƙi na gidana wurin koyar da fiyano. Na rubuta abin da ya biyo baya ne daki-daki, domin na yi asarar kuɗi da lokaci a wuraren da tambaya ɗaya tak za ta iya cetona, kuma na san akwai makaɗa da yawa a Kaduna da Zariya da Bauchi da Yola masu irin wannan niyya.

Abu na farko da na yi shi ne tafiya sayen fiyano na katako, domin a raina malami ba ya cika malami sai yana da shi. A watan Janairun 2021 na hau motar dare zuwa Legas, na kwana wajen wani ɗan'uwa, washegari na shiga kasuwar Alaba inda ake sayar da kayan kiɗa sababbi da na hannu. A wani shago na tarar da fiyano masu tsayuwa a jikin bango guda shida, duk tsofaffi ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Na zaɓi wanda fentinsa ya fi sheƙi, na zauna na kaɗa waƙoƙi biyu, na ji amonsa ya cika shagon, na kuwa biya kuɗin da ya kai albashina na wata huɗu. Ban buɗe murfin sama na leƙa gudumomin da ke dukan tsirkiya ba, ban cire allon ƙasa na duba tsatsa ko ɓarnar ɓera ba, ban kuma gwada tsayin muryarsa da wani ma'auni ba, alhali akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin wannan aiki cikin minti ɗaya. Kuɗin dako ya zo mini da nauyin da ban yi lissafinsa ba, domin irin wannan fiyano ya haura kilo 200, sai da ƙarti shida suka ɗora shi a babbar mota, kuma sai da na jira kwana tara kafin ya iso Jos.

Ya iso ne a tsakiyar hunturu. Daga danshin bakin teku ya faɗo cikin busasshiyar iskar tsaunukan Filato, kuma ni da hannuna na sa aka jingina shi kusa da taga don a riƙa ganinsa daga waje. Kafin mako uku su cika na fara jin wasu sautuka suna rawa kamar murya biyu ke fita daga maɓalli ɗaya, wasu maɓallai kuma suna ƙara idan an taɓa su. Neman mai saitin fiyano ya ɗauke ni kusan wata guda, domin masu wannan sana'a ba su da yawa a Arewa. A ƙarshe wani limamin majami'a ya haɗa ni da wani dattijo da ke zuwa daga Abuja lokaci-lokaci, wanda sai ya tara gidaje uku ko huɗu kafin ya taso, a raba kuɗin motarsa a tsakaninsu.

Ranar da ya zo, bai ce komai ba sai da ya cire allunan gaba duka, ya haska tocila a ciki, ya buga ɗan ƙarfensa mai baki biyu a gwiwa ya kara a kunne, sannan ya danna maɓalli ɗaya. Ya juyo ya ce, "Malam, wa ya raka ka sayen wannan?" Na ce, "Ba kowa, Baba." Ya girgiza kai ya ce in matso in gani. Ya nuna mini ulun da ke kan gudumomi inda asu ya ci, ya nuna mini tsatsa a wuyan tsirkiyoyin ƙasa, sannan ya sa makullinsa a kan wata ƙusa ya juya, ta tafi da sauƙi ba tare da turjiya ba. Ya bayyana mini cewa fiyano yana da tsirkiya fiye da 200, jansu gaba ɗaya yana kaiwa wajen tan goma sha takwas, kuma abin da ke riƙe da wannan ja shi ne ƙusoshin da aka kafa a cikin katako, to idan katakon ya bushe ya tsuke, ƙusa takan saki. Ya ce sautin A na tsakiya ya kamata ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, nawa kuwa ya sauka kusan rabin murya, alamar an shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Sai da ya zo sau biyu, mako biyu tsakani, kafin ya ɗaga shi zuwa inda ya dace, kuma tsirkiya biyu suka tsinke a hanya. A daren farko ban yi barci sosai ba, ina ta lissafin abin da na kashe, ina jin kunyar matata wadda ta ba ni gudummawa daga adashinta.

Shawarar da Baba ya bar mini ita nake bi har yau. Na janye fiyanon daga taga na mayar da shi bangon ciki inda rana ba ta kaiwa, na sayi ɗan ma'aunin danshi na rataye a gefensa, domin katakon fiyano ya fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a wurinmu kuwa hunturu yana saukar da shi ƙasa da haka nesa, damina kuma ta ɗaga shi har maɓallai su kumbura su riƙa maƙalewa a watan Agusta. Da hunturu ina rufe tagogi, ina ajiye roba biyu na ruwa a ɗakin, ina lulluɓe shi da zane saboda ƙura. Ya kuma ce mini in nemi fiyano na lantarki mai maɓalli 88 masu nauyi da feda, in riƙa yin yawancin darussa a kansa. Bayan wata biyar na sayi Yamaha P-45 na hannu, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da na kashe a kan na katako ba. Ba ya buƙatar saiti, hunturu ba ya damunsa, wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, har ƙaramar inbata da batir ɗaya suna riƙe shi yini guda idan an ɗauke wuta. Na haɗa shi da na'urar kare kaya daga hawa da saukar wuta tun ranar farko, kuma ina roƙon kowa ya yi haka kafin ya jona shi a bango.

A watan Maris na 2021 na yi rajistar sunan sana'a a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, domin wata makaranta ta ce ba za ta turo mini ɗalibai ba sai ina da asusun banki da sunan sana'a. Wannan mataki ya fi yadda na zata sauƙi, kuma duk ta intanet na yi shi. A lokacin ana fara gabatar da sunaye biyu ne a biya kuɗin bincike naira 500. An ƙi sunana na farko saboda ya yi kama da wani da ke da rajista, na biyu ya samu shiga, aka riƙe mini shi na kwana 60. A cikin wannan wa'adi na cika bayanan sana'a da adireshi, na ɗora lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hoton fasfo da hoton sa hannuna, na biya naira 10,000. Jinkirin da na samu daga wajena ya fito, domin yadda na rubuta sunana bai yi daidai da yadda yake a katin shaidata ba, sai da na gyara. Bayan kwanaki na sauke takardar shaida daga shafin, na kai banki. Kuɗaɗen sun canja tun daga lokacin, don haka a duba shafin hukumar kafin a biya wani ɗan tsakiya.

Na fara da ɗalibai huɗu, kafin ƙarshen shekara sun kai goma sha ɗaya, kuma a nan ne na gamu da matsalar da ta fi ta fiyano ci mini rai. Ina karɓar kuɗi ne bayan kowane darasi, da baki kawai muka yi magana da iyaye, yawancinsu kuma mutanen da muke sujada tare ne. Yaro zai ƙi zuwa ba sanarwa, in zauna ina jira minti arba'in, wata uwa za ta ce a ɗaga mata zuwa ƙarshen wata, ƙarshen watan ya zo in kasa buɗe baki in tambaya saboda nauyin ido. Da na duba littafina a watan Disamba na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na darussan da na ware wa lokaci ba a biya su ba. Sai na zauna na rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci. A ciki na ce ana biyan kuɗin wata gaba ɗaya a makon farko ta asusun banki, wanda zai fasa zuwa ya sanar kwana ɗaya kafin lokaci a sake masa rana, wanda bai sanar ba darasinsa ya wuce, idan kuma ni ne na fasa to bashi ne a kaina. Na rubuta ranakun hutun Kirsimeti da Ista da Sallah ƙarama da babba, domin akwai 'yar wani Alhaji maƙwabcinmu a cikin ɗalibaina, wadda muka tsara darasinta ranar Alhamis da ba ta zuwa Islamiyya. Na ji tsoron iyaye za su ɗauka na zama mai son kuɗi, amma uwa ɗaya ce kawai ta janye ɗanta, sauran suka sa hannu, wani uba ma ya ce mini, "Malam, da ka yi haka tun farko da mun fi ɗaukar abin da muhimmanci."

Tsarin ɗakin ma sai a hankali na gane shi. Ƙofa a buɗe take duk lokacin darasi, akwai kujera a gefe ga uwa ko uba ko yayan da ya rako yaro, kuma ba na koyar da ƙaramin yaro idan babu wani babba a gidan. Wannan kariya ce ga yaron da ni kaina. Ƙanana ina ba su minti talatin, manya minti arba'in da biyar, ina barin minti goma tsakani don in rubuta abin da aka yi. Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai da kullum take ɗaga kafaɗu har kunne idan tana kaɗawa, yatsunta a miƙe kamar sanduna. Na yi makonni ina ce mata ta saki jiki, ba ta iya ba. Wata rana na durƙusa don ɗauko fensir, sai na ga ƙafafunta suna lilo a iska, tana maƙale su a ƙafar benci don kada ta zame. Na ɗauko ƙaramar kujerar tsugunno daga kicin na sa mata a ƙarƙashin ƙafa, na ɗora mata matashi mai tauri har gwiwar hannunta ta yi daidai da maɓallai, nan take kafaɗun suka sauka. Washegari na kai wa kafinta awo ya yi mini matakai biyu masu tsayi daban-daban.

Sai kuma gyaran kaina. Na gane cewa abin da na iya bai isa in koyar da shi ba, domin ina kaɗa kusan kowace waƙa a murya ɗaya ko biyu da hannuna ya saba, in danna maɓallin sauya murya na kibod ya yi mini sauran aikin, kuma karatun rubutun kiɗa mai layi biyar ina yin sa ne da ƙyar. Fiyano na katako ba shi da wannan maɓalli. Na ware awa ɗaya kowace asuba na tsawon wata takwas ina bin hawa da saukar muryoyi goma sha biyu da karatun rubutu, sannan na yi rajistar jarrabawar ƙa'idojin kiɗa mataki na 5 ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da aka kafa a 1889. Ta kwamfuta ake yin ta a gida, awa biyu, maki 75 ne kuma ana ci da 50. Kafin a fara sai ka nuna katin shaida, ka zagaya ɗakin da kyamara, idan ka gama kuma ka yayyaga takardar da ka yi lissafi a kai a gaban kyamarar. Na ari kwamfuta, na cika batir, na sayi data a layuka biyu don gudun yankewa. Wannan mataki na 5 yana da muhimmanci ga malami, domin sai ɗalibi ya ci shi ko makamancinsa kafin ya shiga jarrabawar kaɗawa ta mataki na 6 zuwa 8. Ban yar da solfa da kunne ba, kuma ina ganin kuskure ne babba malami ya raina su, domin yaranmu suna zuwa da kunnen da ya saba da muryoyi huɗu na mawaƙa tun suna goye. Abin da nake yi shi ne yaro ya rera layin da solfa, sannan ya nemo shi a rubuce, sannan ya kaɗa.

Littattafai sun ba ni wahala a 2022, lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka dakatar gaba ɗaya. Na koma yin oda ta shagunan kayan kiɗa na Legas da Abuja, wani lokaci kuma ta hannun mai dawowa daga tafiya. Abin da ya rage mini nauyi shi ne shafin IMSLP, inda ake sauke tsofaffin rubuce-rubucen kiɗa da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kyauta, irin ƙananan darussan Czerny da Burgmüller da Clementi da aka daɗe ana tarbiyyar yatsu da su. Ina bugawa in haɗa wa kowane ɗalibi a fayil. Littattafan jarrabawa kuwa na asali nake saye, kuma a lura cewa ABRSM tana sabunta jerin kiɗan fiyano duk shekara biyu, don haka a duba shekarun da ke bangon littafi kafin a biya. Ga yaran majami'a ina rubuta musu waƙoƙin sujada da suka sani cikin sauƙaƙƙen tsari da hannuna, ga sauran kuma waƙoƙin wasan yara da na gargajiya.

Duk da haka wasu ɗalibai ba sa gaba, kuma sai da na fara tambayar abin da ke gidajensu na gano dalili. Rabinsu ba su da abin kaɗawa ko kaɗan, suna taɓa maɓalli minti talatin a mako ne kawai. Tun daga nan tambayar farko da nake yi wa iyaye ita ce a kan me yaron zai yi bita. Kibod mai maɓalli 61 yana isa shekarar farko, in dai yana jin bambancin taɓawa a hankali da taɓawa da ƙarfi, bayan haka sai a nemi mai 88. Waɗanda ba su da hali na roƙa musu izinin amfani da kibod ɗin majami'a da rana, wasu kuma suna zuwa gidana ranar Asabar su yi bita da abin sawa a kunne ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kowane ɗalibi yana da ƙaramin littafi da nake rubuta abu uku kacal da zai yi a mako, uwa ta sa hannu a kowace ranar da ya zauna ko da minti goma sha biyar ne, kuma ranar Laraba ana turo mini ɗan gajeren bidiyo ta WhatsApp in gyara kuskure kafin ya zauna a hannu.

A 2023 na shigar da ɗaliba ta farko jarrabawa, yarinyar nan mai lilo da ƙafa. Akwai jarrabawar MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas, akwai kuma ta ABRSM iri biyu. Ta gaba da gaba tana da kiɗa uku da hawa da saukar murya da karatun gani-da-kaɗawa da gwajin kunne. Ta bidiyo, wadda aka fara a 2020, kiɗa huɗu ne a jere, uku daga jerin hukumar, ɗaya zaɓin ɗalibi. Mun zaɓi ta bidiyo don guje wa kuɗin tafiya da masauki. Bayan rajista ana da kwana 28 a tura bidiyon, kuma dole ya zama ɗauka ɗaya ba yanka ba haɗi, kyamara a kafe tana nuna fuska da hannuwa da maɓallai da feda, da babba a ɗakin idan yaro ne. Ana karɓar fiyano na lantarki idan maɓallansa cikakku ne masu nauyi, don haka da shi muka yi. Mun fara ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, kafin injin markaɗen maƙwabta ya tashi. A ɗauka ta farko ta tsaya a kiɗa na uku ta fashe da kuka, mahaifiyarta ta fita da ita tsakar gida ta ba ta shayi. A ta biyu waya ta cika ta yanke, saboda ban rage girman hoto ba, sai na mayar da shi 720p. Ta uku ta tafi daga farko har ƙarshe da ɗan tuntuɓe ɗaya, na ce wannan za mu tura, domin na ga idan muka ci gaba da neman wadda ba kuskure za mu kashe mata sha'awa. Da tsakar dare na ɗora shi lokacin da intanet ta fi ƙarfi. Kwanakin jiran sakamako na fi iyayenta duba waya. Maki 150 ne gaba ɗaya, ana ci da 100, yabo daga 120, fifiko daga 130, ita kuwa ta samu 122. Bayanin mai jarrabawa ya yaba yadda take riƙe bugu, ya ce bambancin sanyi da ƙarfin sauti bai fito sosai ba, kuma wannan gyara nawa ne, domin ban taɓa nace mata a kansa ba.

Da zan sake farawa, da takardar yarjejeniya zan fara, tun kafin ɗalibi na farko ya shigo, sannan fiyano na lantarki mai maɓalli 88 da inbata da benci mai hawa da sauka, sannan karatun kaina, rajistar suna kuma ta biyo baya idan ɗalibai sun kai biyar. Fiyano na katako shi ne zai zo ƙarshe, kuma ba zan biya ko kwabo ba sai mai saiti ya buɗe cikinsa a gabana, ko da kuwa zan biya masa kuɗin mota zuwa Legas, domin wannan kuɗi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gyara ya ci mini ba. Jarrabawa kuma ba na shigar da yaro sai ya iya kiɗansa wata guda kafin rajista, kuma ko da ta bidiyo zai yi, ina ci gaba da koya masa hawa da saukar murya da karatun gani-da-kaɗawa, tunda rashin tambayarsu a bidiyo yana sa malami ya yi sakaci da su. Tsohon fiyanon yana nan a bangon ciki, manyan ɗalibai suna hawansa don su ji nauyin guduma a ƙarƙashin yatsa, Baba kuma yana zuwa sau biyu a shekara, bayan hunturu ya zauna da bayan damina ta kankama. A zuwansa na ƙarshe ya ce ƙusoshi huɗu na ɓangaren ƙasa sun kusa daina riƙewa, za a canja su da masu ɗan kauri, na kuma fara ware kuɗinsu daga kuɗin watan nan.